Yadda Yayata Ta Bi Ganga

Jikokina suna cewa ni matsoraciya ce. Duk ranar da ɗayansu ya rataya jaka zai tafi Damagaram ko Kano, ba fatauci ba, ba gaisuwar rasuwa ba, don kawai ya ga gari ya sha iska, nakan riƙe hannunsa a bakin ƙofa in yi ta addu'a har ya fara waige-waige kada mota ta tashi ta bar shi. Sai su yi dariya su ce, "Hajiya, yau ɗin nan fa za mu dawo." Da gaskiyarsu. Yanzu kwalta ta ratsa Matameye, kamyo, manyan motocin kaya, na wucewa dare da rana, yaron lakwal ma, ɗan makarantar boko, ya san garuruwan da ubana bai taɓa jin sunansu ba. Tafiya ta zama kamar zuwa bayan gida, ba sallama, ba yafiya. Ni kuwa na ga lokacin da hanya ta zama abin tsoro, na kuma ga abin da tsoron ya yi wa gidanmu, shi ya sa hannuna ba ya saurin sakin na mai tafiya.

Gidanmu gidan baƙi ne. Baba fatoma ne, wato mai saukar fatake, kuma zaurensa ba ya rabo da mutane. Masu kanwa daga gabas, masu goro da tufafi daga kudu, duk a wurinsa suke sauke kaya su ɗaure jakunansu a ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gida. Da kukan jaki nake farkawa, da shi da ƙarar taɓarya, don Inna ba ta yarda rana ta fito ba a surfa geron fura ba. Ni da Yaya, babbar 'yar gidanmu, mu ke daka, mu ke zuwa rijiya, mu ke wanke ƙoren da baƙi suka sha. Yaya ta fi ni ƙarfi, ta fi ni murya. In tana daka takan jefa taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, tana waƙa, har fataken da ke zaure su yi shiru suna saurare. Nasara sun riga sun zo a lokacin, muna jin labarin kwamandan da ke zaune a Damagaram, muna ganin dogarai in sun zo karɓar haraji ko kwasar samari ɗaukar kaya. Amma wannan bai hana hanya ci ba. Baba yakan ce gidan da baƙo bai kwana ba, bai san abin da duniya ke ciki ba, kuma bai taɓa tambayar mutum daga ina yake ba sai bayan ya sha ruwa.

In kaka ta yi aka kai gero rumbu, sai ƙafar kowa ta fara ƙaiƙayi. Samari su tafi kokawa wannan ƙauye, gobe su tafi wancan. Mu 'yan mata mu yi kitso, mu sa lalle, mu ɗauki fura da gyaɗa mu bi kasuwanni, Kance yau, jibi Dawce, in kasuwa ta watse a share fili a yi gaɗa. Ba radiyo, ba abin kallo irin na yanzu, mu ne abin kallon junanmu. A irin wannan yawo ne wani saurayi daga wani ƙauye gaba da Dawce ya ji muryar Yaya ya biyo ta har gida. Ita ma tana son sa. Aka yi biki, aka kai ta, shekara ta zagayo ta haifi ɗa namiji. Na je suna, na dawo ina ganin ba wadda ta kai ta sa'a.

Sai cutar ta zo. Ta zo ana tsakar girbi, dammunan gero na zube a gonaki. Wani bafatake ya iso daga kudu yana jin sanyi a tsakar rana, Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya sa aka dama masa kunu. Kafin kasuwa ta zagayo ya rasu. Daga nan sai wana, wanda Baba ke shirin bar wa zauren, ya kwanta da zazzaɓi da tari, sai ƙanena ya bi shi, duk biyun ba su tashi ba. Mutum yakan wuni lafiya, gobe ka ji ƙirjinsa na kuka kamar ana jan guga a rijiya, jibi a ɗauke shi. Ba ta cika taɓa tsofaffi ba, matasa take zaɓa, masu ƙarfi, masu jini a jika. Aka hana kiɗa, kasuwa ta mutu da kanta. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Garin da ake jin daka ta kowace kusurwa ya koma sai ka kasa kunne kafin ka ji turmi ɗaya, shi ma ana buga shi a hankali kamar mai dakan na jin kunya. Har kukan mutuwa aka daina yi, don ba wanda ke da sauran ƙarfinsa.

Da sanyi ya fara ja baya, zafi ya kawo kai, sai cutar ta lafa. Ba wanda ya ce ta tafi. Tsofaffi suna cewa barci take yi, kada a ta da ta. Baba ya sa aka jera itace aka toshe ƙofar zaure ta waje, muka koma shiga da fita ta wata 'yar kafa a bayan danga. Fataken da suka fara leƙowa ya ce a ce musu ba masauki. Ba shi kaɗai ba. Kasuwa ta dawo, amma rabin rumfuna ba kowa, kuma mai saye yakan tsaya daga nesa ya nuna abin da yake so da baki. Wanda ya je wani gari ya dawo, sai maƙwabta su ja 'ya'yansu cikin gida. Matan da a da ba sa barin biki ya wuce su suka koma aika gudummawa su zauna. Yanzu in na ga yadda ake cika mota ana zaune bisa cinyar juna, kowa na numfashi a fuskar wani, sai in tuna lokacin da musafaha ma ta zama abin da ake tunani kafin a yi.

Duk wannan lokacin ba mu ji ɗuriyar Yaya ba. Wani mahauci ne kawai ya ce ya ji ƙauyensu ya sha wuya. Inna ta daina cin abinci sosai. Takan zauna da tsintsiya a hannu ta manta da shara take yi. Wata rana da hantsi Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ta sami Baba a inuwar rumbu ina kusa ina sheƙar gero.

Ta ce, "Matarka za ta mutu a zaune. Ka bari in je in dubo yarinyar nan."

Baba ya ce, "Hanya ce ta kawo mini abin da ya cinye gidana. Da hannuna na shimfiɗa masa tabarma. Ba wanda zai sake taka ta daga gidan nan."

"To ita 'yar taka fa? Ba daga gidan nan take ba?"

Ya ce, "In tana da rai, Allah na tare da ita. Wanda ya fita kuma, kada ya zaci zai dawo ya shigo mini kai tsaye."

Gwaggo ta ce ta ji. Da ta juyo ta ga na ajiye faifai ina kallonta, ta san ba sai ta tambaye ni ba. Inna ba ta hana ni ba. Ta ɗaure mana fura a tsumma, ta cika mana gora da ruwa, ta riƙe kaina da hannu biyu, sannan ta sake ni.

Mun fita bayan sallar asuba. Hanyar nan na san ta kamar tsakar gidanmu, amma ranar sai na ga kamar ban taɓa bin ta ba. Ba sawun jaki, ba kashin raƙumi, ciyawa ta fara cin gefenta. A wasu gonaki dammunan gero na nan inda aka ɗaure su tun kaka, gara ta cinye su daga ƙasa, in ka taɓa sai su zube. Mun wuce wani ƙauye da aka kewaye da ƙaya, karnuka na kwance a kan hanya ba su ko yi haushi ba. Da rana ta take muka isa wata rijiya inda muka saba hutawa, muka tarar da wata mata tana jan ruwa. Gwaggo ta yi sallama ta roƙi ruwa. Matar ta amsa ba ta dube mu ba, ta juye gugan a kwamin da dabbobi ke sha, ta ja da baya ta ce, "Ku yi haƙuri, ba ƙyama ba ce. 'Ya ɗaya ta rage mini." Muka durƙusa muka sha da hannu. Gwaggo ta yi mata godiya kamar a ƙoƙon azurfa ta ba mu.

Gaba kaɗan muka ji hayaniya a bayanmu. Samari ne, ayari guda, suna tafe suna dariya. Kowannensu ya sa babbar riga irin ta dattawa, wasu har ja take a ƙasa, wani ya naɗa rawanin da ya fi kansa girma. Nan take na gane kayan iyayensu ne. Suna riƙe da nama a tsinke suna ci suna tafiya. Gwaggo ta tambaye su ina za su, ɗaya ya ce duk inda suka ji ganga, tun da zafi ya fara ba su kwana biyu a gari ɗaya ba.

Ta ce, "Ba wanda ya hana ku? Damina na tafe, wa zai yi sharar gona?"

Ya dube ta yana murmushi ya ce, "Iya, duk wanda zai hana mu mun binne shi."

Suka wuce. Na daɗe ina jin dariyarsu, kuma ta fi shirun hanyar ba ni tsoro.

Da la'asar muka hango ƙauyen su Yaya, amma kiɗa ne ya fara tarbar mu. Rabona da jin ganga tun kafin girbi. A filin da ke gaban ƙauyen mutane sun cika, baƙi daga ko'ina, an yanka shanu, tukwane na kan wuta. Rumbuna a buɗe suke, kowa na ɗiba, har irin shuka. Gidajen da ke bayan filin kuwa da yawansu ƙofa a buɗe, awaki na shiga suna fita. A tsakiyar fili, gaban makaɗa, wata mata na waƙa. Ta ɗaura zane bisa zane, ta zuba duwatsun wuya har ba a ganin wuyanta, ta rame ƙwarai. Ban gane fuskar ba, muryar na gane.

Da ta gan mu ba ta yi ihu ba, ba ta ruga ba. Ta ƙarasa baitin da take yi, ta fito ta durƙusa ta gai da Gwaggo, ta shafa kumatuna ta ce na yi tsawo. Ta ja mu bayan wata bishiya. Gwaggo ta tambayi mijinta, ta ce ya rasu. Ta tambayi yaron, ta ce a bayanta ya cika, tana goye da shi tana ba surukarta ruwa, ba ta sani ba sai da ta sauke shi. Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin wani gida. Ta ce duk mutanen gidan ita ta yi jinyarsu, ita ta rufe musu ido, kuma ko ciwon kai ba ta yi ba.

Na ce, "Yaya, 'yan'uwanmu maza ma sun rasu, babban da ƙaramin."

Ta gyaɗa kai kawai. Ta dubi zannuwan da ke jikinta ta ce, "Kin ga waɗannan? A ƙwarya na ajiye su, ina jiran wata rana. Surukata ma haka ta ajiye nata, a tsumma aka kai ta." Ta ce ba ta iya zama cikin ɗaki, bango na matse ta. Makaɗan nan za su Kance, daga can su yi kudu, kuma za ta bi su.

Muna cikin haka sai wani a cikin taron ya yi tari. Tari ne mai zurfi, irin wanda duk muka sani. Ganguna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka dare, suka bar wani saurayi tsaye shi kaɗai a tsakiya, hannunsa a ƙirji, yana dube-dube. Har ana jin tafasar tukwane. Sai babban makaɗin ya ɗaga gula ya buga da ƙarfin da ya fi na da, sauran suka bi shi, aka koma rawa, amma ba wanda ya sake matsawa kusa da saurayin. Shi ma rawar ya ci gaba da yi a cikin filin da aka bar masa.

Gwaggo ta kama hannun Yaya ta ce, "Uwarki ba ta cin abinci. Ki zo ta gan ki da idonta, in ya so daga baya ki bi duk wanda kika ga dama." Wannan ne ya karya ta. Washegari muka kamo hanya mu uku.

Mun iso gida rana ta yi sanyi. Labari ya riga mu, don mun tarar da Baba tsaye a bakin kafar bayan danga. Yaya ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, na dawo." Na ga ƙafarsa ta motsa, amma ya riƙe itacen danga ya tsaya. Ya ce ya ji inda muka fito da irin taron da muka shiga. Mu je bukkar gona mu zauna har kasuwa ta zagayo, in ba wadda ta kwanta shi da kansa zai zo ya ɗauke mu. Inna na bayansa tana miƙo hannu ta saman danga. Yaya ta tashi za ta matsa, Baba ya ce, "Don Allah, 'yata. Uwarki kaɗai ta rage mini a ciki." Sai ta tsaya. Ita da Inna suka yi ta kallon juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon taɓarya biyu ba.

A bukkar gona muka zauna. Kullum da safe Inna takan kawo abinci ta ajiye a gindin wata aduwa, ta koma nesa ta zauna tana kallonmu muna ci. Yaya ta tuɓe duwatsun, ta fara cin abinci, har wata rana ta yi mini kitso tana waƙa a ƙasa-ƙasa. Na fara ganin kamar komai zai koma daidai. Saura kaɗan wa'adin ya cika sai Gwaggo ta tashi da zazzaɓi, kafin hantsi ta fara tari. Ina kallon fuskar Yaya lokacin da ta ji. Ba tsoro na gani ba, wani abu ne kamar na wanda aka daɗe ana bi, ya waiga ya ga an cim masa.

Ta wuni tana jinyar Gwaggo, tana jiƙa tsumma tana ɗora mata a goshi. Washegari da rana ta fito sosai, Yaya ta kira ni waje. Ta riga ta ɗaure zannuwanta.

Ta ce, "Ni ce. Ba ta kama ni, bina take yi. Duk inda na zauna sai ta iso ta ɗauki na kusa da ni. In ina tafiya ba ta samun wurin sauka."

Na ce ba haka ba ne, cutar ta shiga gidajen da ba ta taɓa takawa ba. Na kama zanenta na ce ta bari Inna ta zo.

Ta ce, "In ta zo ba zan iya tafiya ba. In na shiga gidan nan kuma ta kwanta, me zan ce wa Baba?" Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya a hankali. Na miƙa mata goran ruwanmu ta ce in bar wa Gwaggo, mai zazzaɓi ya fi mai tafiya ƙishi. Ta ratsa gona ta bi hanyar Kance, ina tsaye har karan gero suka rufe ta.

Ganina da ita ke nan na ƙarshe. Shekaru bayan haka wani ya ce ya ji mai irin muryarta a wata kasuwa a ƙasar Daura, wani alhajin ƙafa kuma ya ce ya ga wata 'yar Matameye tana sayar da abinci a hanyar gabas, amma ba ta yarda ta faɗi gidansu ba. Ba mu tabbatar da ko ɗaya ba. Gwaggo kuwa mura ce ta kama ta, irin wadda kowa ke yi. Kafin ranar kasuwa ta miƙe tana neman goro, ta rayu har ta ga 'ya'yana. Cutar ba ta sake dawowa ba. A hankali kiɗa ya dawo, aka koma kokawa da gaɗa, amma mu da muka ga wancan lokaci ba mu sake yin rawa da zuciya ɗaya ba, kunnenmu guda kullum yana sauraren ko wani zai yi tari.

Ranar kasuwa Baba ya cika alkawarinsa. Inna ta riga ta sani, amma ta kasa faɗa masa. Ya zo da hantsi cikin farar rigarsa ta Juma'a, da sabuwar tabarma a hammata. Ya leƙa bukka ya ga Gwaggo, ya gan ni, ya sake leƙawa. Na faɗa masa abin da ya faru da abin da Yaya ta ce, ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi ta ina ta bi, na nuna masa. Ya taka har bakin gona ya tsaya yana duban ƙasa, amma awaki sun riga sun tattake sawun. Ya daɗe a can, tabarmar na hammatarsa. Da ya dawo sai ya dube ni ya ce, "Ta ɗauki ruwa?"

Goran na rataye a cikin bukka, bayan kan Gwaggo. Na matsa na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ta ɗauka, Baba."